Na ce na yafe, amma zuciyata ba ta sake shi ba. Ni ne mugun bawan nan?

Mai Neman Haske:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekara uku da suka wuce na ba wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu kuɗin da na yi shekaru ina tarawa, a kan zai juya su mu raba riba. Tare muka taso, rana ɗaya aka yi mana baftisma, shi ya sa ban nemi takarda ko shaida ba. Da lokacin lissafi ya yi, sai ya ce ai kyauta na ba shi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya bi mutane yana cewa hassada ce ta sa nake neman ɓata masa suna, har wasu suka daina amsa gaisuwata.

Makon jiya dattawa suka kira mu, suka karanta mana Matiyu 18, suka ce mu yafe wa juna kafin Jibin Ubangiji. Mu yafe wa juna! Me na yi masa da zai yafe mini? Na dai ce na yafe, muka yi musafaha, ya fita yana murmushi. Bai amsa ya ci kuɗin ba, ko "yi haƙuri" bai ce ba. Tun daga ranar, in ina Addu'ar Ubangiji na zo wurin da muke roƙo a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai bakina ya yi nauyi. Ku faɗa mini gaskiya, ni ne mugun bawan da aka yafe wa babban bashi ya je ya shaƙe ɗan'uwansa?

Ƙanwar Kowa:
Yaya, kai aka cuta, kai kuma kake kwana da tsoro, shi yana can yana sharar barci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai abin da bai zauna daidai ba a sulhun nan.

Tsohon Dattijo:
Ɗana, sannu da haƙuri. Ban raina ciwonka ba, amma ba zan ɓoye maka abin da ke rubuce ba. Bayan Yesu ya gama koyar da addu'ar nan, abu ɗaya tak ya koma ya ƙara bayani a kansa, wato gafara. Duba Matiyu 6:14-15. Bai koma kan abincin yini ba, bai koma kan jaraba ba, sai ya ce in ba ku yafe wa mutane laifofinsu ba, Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Bitrus ya zaci ya yi ƙoƙari da ya tambayi Yesu ko sau bakwai zai yafe wa ɗan'uwansa, aka ce masa bakwai sau saba'in. Ka saki mutumin nan. Riƙon da kake yi kai yake ci.

Ba Ruwana:
Baba, da girmanka, irin wannan wa'azin ne ya sa macuta suka fi kowa son coci. Ka ci amanar mutum ranar Litinin, ranar Lahadi a karanta masa aya ya yafe, ka koma ka nemi wani. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce rama cuta ga macuci ibada ce.

Tsohon Dattijo:
Wannan karin maganar ba ta shiga Littafi Mai Tsarki ba, ɗana. Wanda ya fara yin alfahari da irinta Lamek ne, a Farawa 4:24, da ya ce in an rama wa Kayinu sau bakwai, shi za a rama masa sau saba'in da bakwai. Lissafin Lamek ne Yesu ya ɗauka ya kifar da shi sa'ad da yake amsa wa Bitrus.

Mai Lissafi:
Bari in shigo da alƙalamina, tunda aikina ke nan. Mutane suna karanta misalin mugun bawan nan da Yesu ya bayar a Matiyu 18 ba sa tsayawa su duba adadin. Bawan farko talanti 10,000 sarki yake binsa. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan ma'aikaci ne na yini guda, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20. Ke nan bashin ya kai dinari miliyan 60. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara bai taɓa ko anini ba, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Ɗan tarihin Yahudawan nan Yusufus ya rubuta cewa abin da Arkilayus ɗan Hirudus yake samu daga ƙasarsa duka a shekara talanti 600 ne. Masu sauraron Yesu sun san wannan bashi ne da ba mahalukin da zai iya biya, kuma alkawarin da bawan ya yi cewa zai biya duka maganar wanda ya ruɗe ce.

Amma ga inda nake so a lura. Bashi na biyu, wanda bawan nan yake bin ɗan'uwansa bawa, dinari 100 ne, wato gumin kusan wata huɗu. Yesu bai ce ba komai ba ne. Duk wanda aka riƙe wa albashin wata huɗu ya san ba wasa ba ne. Ƙanƙantarsa tana fitowa ne kawai in an ajiye shi kusa da na farko, kashi ɗaya cikin 600,000. Don haka duk mai ce maka "ai abin duniya ne, manta kawai", ya faɗi abin da misalin bai faɗa ba.

Ƙanwar Kowa:
Kuma a ƙara da wannan: bawa na biyu ya amsa cewa ana binsa. Faɗuwa ya yi yana roƙo a yi masa haƙuri zai biya. Mutumin Yaya fa? Cewa ya yi kyauta ce. Ta ina suka zama ɗaya?

Ɗan Tauhidi:
Ƙanwa ta taɓo inda masana suka daɗe suna ja-in-ja. Akwai ayoyi biyu da dole a riƙe su tare. A Luka 17:3-4 Yesu ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa, ko da sau bakwai ne a yini ɗaya. Nan akwai tsawatawa, akwai tuba, sannan gafara. A Markus 11:25 kuwa cewa ya yi in kun tsaya yin addu'a, in kuna riƙe da wani a zuci, ku yafe. Nan mai laifin ba ya ma wurin, balle a ji ko ya tuba.

Yadda na fahimta, abubuwa biyu ne muke kira da suna ɗaya. Kalmar Helenanci da aka fi amfani da ita, afiyemi, ma'anarta saki ko ƙyalewa, da ita ake cewa an yafe bashi. Akwai sakin da kake yi tsakaninka da Allah: ka ajiye ramuwa, ka daina yi masa fatan sharri, ka cire hannunka daga wuyansa. Wannan ba ya jiran kowa. Akwai kuma sulhu, komawar zumunci, wanda mutum ɗaya ba ya iya yinsa shi kaɗai. Bulus da kansa ya sa sharaɗi har biyu a Romawa 12:18: in mai yiwuwa ne, kuma iyakar abin da ke hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa. Da kullum yana yiwuwa, da bai faɗi haka ba.

Tsohon Dattijo:
Ɗalibi, ka yi hankali da wannan rabe-raben. Na ga mutane da yawa sun ɓuya a bayansa. Mutum ya ce "na yafe a zuciya", amma shekara goma ba ya gaishe da ɗan'uwansa, in ya hango shi ya canza hanya, in an ambaci sunansa ya taɓe baki. Wace irin gafara ce wannan? Yesu yana kan gicciye ya ce ya Uba ka yafe musu. Wa ya tuba a cikinsu a lokacin? Istifanas ana jifansa da duwatsu ya roƙa kada a ɗora musu wannan zunubi.

Ɗan Tauhidi:
Gaskiya ne Baba, ana ɓuya a bayansa, ban musa ba. Amma dubi ayoyin da kuka kawo. Dukansu addu'a ce ga Uba a madadin masu laifin. Da ranar Fentikos ta zo, mutanen Urushalima suka ji maganar ta soke su a zuci, suka ce me za mu yi, Bitrus bai ce musu ai an riga an gama ba. Cewa ya yi ku tuba. Kuma Yesun da ya ce a juya ɗaya kuncin, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, tambayarsa ya yi: in na faɗi mugun abu ka nuna, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Yana nan a Yahaya 18:23. Bai rama ba, bai kuma yi kamar ba a mare shi ba.

Uwar Marayu:
'Ya'yana, ku bar ni in yi magana, ni ba ni da Helenanci. Da maigidana ya rasu, wani da muka ɗauka ɗan'uwa ne na jini ya yi mini abin da ba zan zayyana a nan ba. Ya bar ni da yara huɗu hannu wofi. Shekara ta farko ko sunansa ba na iya furtawa a addu'a. Masu zuwa gaisuwa kowa da ayarsa, kowa "ki yafe, ki yafe", kamar ni ce na yi laifin. Babu ko ɗaya da ya taka ya je wurinsa ya ce ka ji tsoron Allah.

Abin da ya taimake ni Zabura ce. Na tarar Dawuda yana yi wa Allah kuka yana cewa har yaushe, har yaushe. Na tarar da Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Sai na daina yi wa Allah ƙarya. Na riƙa ce masa, Ubangiji, na tsani mutumin nan, kuma ban iya dainawa ba, ka taimake ni. Wata rana, shekara ta huɗu ke nan, aka ce mini yana kwance ba lafiya. Na saurari zuciyata in ji ko za ta yi murna, sai na ji shiru. Ranar na gane an sauke mini kayan. Na je na duba shi. Amma ko bayan ya warke, ban sake ba shi ajiyar ko allura ba, kuma ban ji Ruhu ya tsawata mini a kan haka ba.

Ɗana mai tambaya, mugun bawan nan bai kwana yana damuwa ko ya yafe ba. Daga gaban sarki ya fita kai tsaye ya cafki wuyan ɗan'uwansa. Kai da bakinka yake nauyi a addu'a, lamirinka yana da rai.

Mai Neman Haske:
Mama, na karanta wannan sau uku. Na gode. Allah ya raya miki yaran.

Ƙanwar Kowa:
Mama ta faɗi abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum wanda aka zalunta ake bi da ayoyi, saboda shi ne mai taushin zuciya, shi ne zai saurara. Azzalumin kuwa ana tsoron bakinsa, ko ana duba abin da yake bayarwa. A Matiyu 5:23-24 wa aka ce ya bar baikonsa a gaban bagade ya je ya shirya tukuna? Wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa. Wato mai laifin. To me ya sa dattawan ba su karanta wa wancan wannan ba kafin Jibi?

Tsohon Dattijo:
'Yata, kin yi zafi, amma a nan kin fi ni gaskiya, kuma ba zan kare abokan aikina a kan kuskure ba. Surar da suka karanta, kafin a kai ga tambayar Bitrus, akwai aya 15 zuwa 17: ka je ka nuna masa laifinsa ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Sun tsallake wannan sun faɗa kan ƙarshen surar. Mu dattawa muna da wannan rauni, mun fi son a tashi taro kowa yana dariya. Na taɓa yin irin wannan sulhun da kaina, shekaru da yawa baya, na sa wata baiwar Allah ta roƙi gafarar wanda ya cuce ta don kawai a zauna lafiya. Ta yi biyayya, bayan wata biyu ta daina zuwa sujada. Har yau abin yana damuna. Irmiya ya yi magana a kan masu ɗaure raunin jama'a sama-sama suna cewa lafiya, lafiya, alhali ba lafiya.

Duk da haka ina nan a kan bakana ta wannan gefen: kuskuren dattawa bai sauke wa ɗana nauyin da ke kansa ba. Ko an bi masa hakkinsa ko ba a bi ba, ba shi da izinin riƙe ƙiyayya.

Ba Ruwana:
To ya kai shi kotu mana. Ko shi ma haramun ne?

Ɗan Tauhidi:
Za a kawo maka 1 Korantiyawa 6, inda Bulus ya tsawata wa masu kai 'yan'uwa gaban alƙalan da ba masu bi ba, har ya ce ashe bai fi ku haƙura a cuce ku ba. Amma a aya ta 5 ikilisiyar ya kunyata: ashe babu ko mai hikima ɗaya a cikinku da zai iya raba gardama tsakanin 'yan'uwa? A aya ta 8 kuma ya juya kan masu cutar. Wato ya ɗauka cewa ikilisiya za ta zauna ta yi shari'ar da gaske. Wannan kuma maganar rigimar dukiya ce. In abu ya kai ga duka, ko fyaɗe, ko taɓa yara, Romawa 13 ta ce ba a banza mai mulki yake riƙe da takobi ba, kuma ba gafarar da ta hana a kai rahoto.

Mai Lissafi:
Ba takarda, ba shaida, kotu ma wahala za ta ba shi. Wannan darasi ne gare mu duka, rubutu ba rashin yarda ba ne. Bulus ma da ya ɗauki nauyin bashin Unisimas bawan Filimon, cewa ya yi wa Filimon ga shi na rubuta da hannuna, zan biya.

Mai Kula da Zaure:
Na goge saƙonni biyu da suke neman a faɗi sunan mutumin da na ikilisiyar. Ba a yin haka a nan. A ci gaba.

Malamar Lahadi:
Na zo a makare. Ina so in kawo Yusufu, domin yadda muke koya wa yara labarinsa mun gajarta shi ƙwarai, kamar 'yan'uwansa suna shigowa ya rungume su. Yana da shekara 17 aka sayar da shi. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara bakwai na ƙoshi, sai a shekara ta biyu ta yunwa ya bayyana musu kansa. Shekara 22 ke nan. Kuma da suka zo karon farko ya gane su, bai bayyana musu kansa ba. Ya tsare su kwana uku, ya riƙe Saminu, ya sa aka mayar musu da kuɗinsu cikin buhunansu, daga baya ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu. Me yake nema? Yana so ya ga ko mutanen da suka sayar da ɗan Rahila ɗaya za su sake yar da na biyun, wato Biliyaminu ƙanensa, don su tsira. Sai da Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da shi tun farko, ya ce a riƙe ni bawa a maimakon yaron, sannan Yusufu ya kasa daurewa ya fashe da kuka.

Amma ku lura, duk tsawon gwajin nan yana ba su hatsi, yana juya baya yana kuka a ɓoye. Yana da ikon hallaka su da kalma ɗaya, bai yi ba. Jinƙai ya riga ya fara aiki tun kafin amana ta dawo. Kuma da ya yi maganar ƙarshe a Farawa 50:20, bai ce ba ku yi komai ba. Cewa ya yi kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri. Ya kira abin da sunansa.

Ƙanwar Kowa:
Dawuda ma sau biyu yana samun Saul a hannu yana ƙyale shi. Saul har kuka ya yi, ya ce dawo ɗana. Dawuda bai koma ba, mashin ma cewa ya yi a aiko wani saurayi ya zo ya karɓa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ba Ruwana:
Duk waɗannan mutanen Littafi ne. A zamanin nan wa yake yin haka in ba don a ɗauke shi hoto ba?

Ɗan Tauhidi:
Akwai su. Ranar 13 ga Mayu 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin Bitrus da ke Vatican. Fafaroman ya sanar da cewa ya yafe masa tun yana gadon asibiti, a Disamba 1983 kuma ya je har kurkukun Rebibbia a Roma ya zauna da shi. Amma mutumin ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har shekarar 2000. A Amurka, ranar 17 ga Yuni 2015, wani saurayi ya shiga cocin Emanuel a Charleston, ya zauna tare da masu nazarin Littafi Mai Tsarki, sannan ya harbe mutum tara. Bayan kwana biyu wasu daga cikin dangin mamatan suka tsaya a kotu suka ce masa sun yafe. Shari'a ba ta tsaya ba, an yanke masa hukuncin kisa a 2017. Ba duka dangin ne suka furta gafara a ranar ba, kuma ban ga wanda yake da bakin zarginsu ba.

A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta ta karɓi takardun neman afuwa fiye da 7,000, waɗanda aka ba ba su kai 900 ba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne mutum ya faɗi dukan abin da ya aikata. Gaskiya aka sa a gaba, ko a sunan hukumar.

Uwar Marayu:
Ni wadda take ƙarfafa ni Corrie ten Boom ce, 'yar ƙasar Holan da aka kulle a sansanin fursunoni na 'yan Nazi da ke Ravensbrück a Jamus saboda iyalinta sun ɓoye Yahudawa. 'Yar'uwarta Betsie a can ta mutu a 1944. A 1947 ta gama wa'azi a kan gafara a birnin Munich, sai ga ɗaya daga cikin masu gadin sansanin ya miƙo mata hannu, ya ce ya zama mai bi, yana roƙon ta yafe masa. Ita da bakinta ta ba da labari cewa hannunta ya ƙi ɗaguwa. Sai da ta yi addu'a a zuci ta miƙa shi ba tare da tana jin komai ba, daga baya jin ya biyo. Matar da ta gama wa'azin gafara yanzu-yanzu ke nan. In ita ta sha wannan kokawa, ɗana, kai wane ne da za ka ce mako ɗaya ya isa?

Tsohon Dattijo:
Shi ya sa da Yesu ya gama maganar yafewa sau bakwai a yini, abin da manzanni suka ce nan take shi ne ka ƙara mana bangaskiya. Su ma sun ji nauyinta.

Ɗana mai tambaya, ga shawarata, ka ɗauka ko ka bari. Ka koma wurin dattawan cikin ladabi ka ce musu musafahar da aka yi ba ta warware komai ba, kana roƙo a bi Matiyu 18 daga aya 15. Ka faɗi abin da kake nema a fili. In kuɗin ne, ka ce kuɗin. Zakka da ya tuba bai tsaya a baki ba, rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ya ce wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. In kuma sunanka ne ya fi damunka, ka ce ya koma wurin waɗanda ya gaya wa ƙarya ya gyara. A gefe guda, kowace safiya ka ambaci sunansa a gaban Allah ka roƙa masa alheri, ko da haƙoranka a cije suke. In ka ji yana cikin matsala kuma kana da halin taimako, ka taimaka. In ana zaginsa a gabanka, kada ka ƙara gishiri. Wannan shi ne naka. Kuma ka shirya zuciyarka, domin in ya zo ya durƙusa da gaske, ba ka da sauran hujja. Mutumin da aka hukunta a Koranti, da ya tuba, Bulus cewa ya yi a yafe masa a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Ba Ruwana:
In bai zo ba fa? In ya mutu yana cewa kyauta ce?

Tsohon Dattijo:
To shari'ar ta koma hannun wanda ya ce ramuwa tawa ce, ni zan sāka. Shi ba ya bukatar takarda ko shaida.

Ba Ruwana:
Hmm. Ni dai har yanzu ina ganin macuci ne ya ci riba. Amma na ji.

Ƙanwar Kowa:
Baba, saura tambaya ɗaya da ba a amsa ba. Ranar Lahadi ya ci Jibin ko kada ya ci?

Ɗan Tauhidi:
Ikilisiyoyi sun bambanta a kan tsarin wannan, gara ya yi magana da fastonsa. Abin da 1 Korantiyawa 11:28 ta ce shi ne kowa ya gwada kansa, sannan ya ci. A ganina mai kokawa da zuciyarsa yana neman taimako ba shi ne ake kora daga teburin ba.

Mai Neman Haske:
Na dawo. Jiya da yamma na je wurin ɗaya daga cikin dattawan, wanda ya fi sauran sauraro. Na gaya masa "na yafe" da na ce a gabansu tsoro ne da kunya suka sa ni, ba na so in ci Jibi da ƙarya a bakina. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce sun yi gaggawa. Ya ce zai nemi mutum biyu su je su same shi bayan Lahadi.

Da na zauna na tambayi kaina abin da nake nema kamar yadda Baba ya ce, sai na tarar kuɗin ba su ne a gaba ba. In zai tsaya gaban mutanen nan ya ce ƙarya ya yi mini, ina jin zan iya bar masa rabi, wataƙila ma duka, ban sani ba tukuna. Addu'ar kuwa na gwada yau da asuba. Na kai ga sunansa na tsaya. Na ce Ubangiji, ka san wanda nake nufi. Gobe zan sake gwadawa.

Uwar Marayu:
Ni wata shida na yi ina cewa "mutumin nan" kafin sunan ya fito. Ka sanar da mu yadda zaman dattawan ya kasance.